Ƙarashen Maganar Baba

Ranar da ya fara ganinta, a makare ta shigo. Kamfaninsu ne ya ɗauko shi ya koya wa ma'aikata tsara lokaci, suna kiransa Koci, wato mai horarwa, ita kuwa duk ofishin ba a san ta da wani suna ba sai Latti. Ta turo ƙofa tana haki, ya dubi agogonsa, ya dube ta, ya yi wani murmushi da ya hana ta sakat har aka tashi.

"Wa ke sace miki safiya?" ya tambaye ta bayan kowa ya watse.

"Ba sata ba ce, Koci. Babana ne. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, kalma ɗaya sai ya daɗe yana janta. Ni kuma ba na fita sai ya gama."

"Kin san abin da zai ce?"

"Yawanci na sani."

"To ki ƙarasa masa mana. Kin hutar da shi, kin hutar da kanki."

Maganar ta yi mata daɗi, don mai neman kuka ne aka jefa da kashin awaki. Washegari Baba ya fara, "Ki... ɗau..." ta ce, "Lema, na ɗauka," ta fice. Da hantsi saƙon Koci ya shigo wayarta:

"Na ji yau kin riga mai gadi zuwa. Daga yau sunanki Lokacina, kin kuwa san ba na wasa da lokaci."

Ta karanta shi ya fi a ƙirga. Soyayya ta kankama, irin wadda ko "ina sonki" sai da ƙa'idar lokacinta, amma ita gani take babu ya shi. Ta daina makara, aka ƙara mata girma, a gida kuwa Baba bai sake kai magana ƙarshe ba.

Mutum ɗaya ya rage mai jiransa, wato mai kemis na bakin layi. Shi ke kawo magani, ya zauna ya kasa kunne har Baba ya dire, yana satar kallonta in ta gifta. Wata rana Koci ya gan shi a falo, ya juya ya turo saƙo:

"Ashe akwai mai cin lokacinki ban sani ba."

Ta kira shi nan take, a gabansu. "Haba masoyi, wannan? Abokin hirar Baba ne. Su biyun ba su da wurin zuwa." Mai kemis ya tattara ledarsa, Baba ya sunkuyar da kai.

Mama ce ta tare ta a kicin. "Mutumin da ba ya tsayawa a gama gaisawa, shi zai tsaya ki gama kuka?"

"Mama, ku dai ba ku san darajar lokaci ba."

Ranar da Koci ya zo gabatar da kansa, Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya dafa hannun kujera, gumi ya keto masa. "Ni... ban..."

Koci ya saci kallon agogo. Ita kuwa ta san ƙarashen sarai, ba wanda ya kai ta sanin bakin mahaifinta.

"Ban ƙi ba, in ji Baba," ta ce. "Ya amince."

Baba ya dube ta, ya rufe bakinsa a hankali. Tun daga ranar bai ƙara fara wata magana a gabanta ba, ita kuma ta ɗauka sauƙi ne ya samu.

An yi biki a kan lokaci, har baƙi na mamaki. Da za ta tafi ta durƙusa gaban kujerarsa, ya ɗora hannunsa mai lafiya a kanta.

"Allah... ya..."

Zuciyarta ta karye. Yau kam tana so ta jira, ko da zai kai gobe.

"Ya yi mana albarka. Amin, Baba," in ji ango, ya kamo hannunta. "Taso, Lokacina, direba na jira."

Sun yi nisa wayarta ta yi ƙara. Mama ce:

"Yanzu ya gama. Cewa ya yi, Allah ya haɗa ki da mai jiran ki gama magana."

Hawaye ya ɓata mata kwalliya. Ta juya ga mijinta. "Masoyi, ina so in..."

"Ki huta, na sani," ya ce, ya shafa hannunta cikin ƙauna. "Mun kusa isa."

Ta rufe bakinta a hankali. Allah ya ba su zaman lafiya.