Wanzami a Ƙofar Ɗaki

"Wallahi ba ya shiga, Inna!"

Hidaya ta baje hannuwa ta tare ƙofar ɗaki. Surukarta Inna Ajuma na tsaye gabanta, Ɗanbaba wanzami na biye da ita rungume da zabira.

"Ke ɗiyar ga, kauce! Da bakinki kinka ce likitocin Yamai sun bar sauran ƙari ga bayan ɗana. Abin da sunka bari, ƙaho na jawo shi."

Haushi kamar ya kashe Hidaya. Tun dawowarsu Tibiri take wannan bayani har yawunta ya ƙafe, amma tsohuwar nan kalma ɗaya ta riƙe: saura.

"Inna, da gangan anka bari! Allurai sunka sa mai ga kai da ƙahwahu, na'ura na sauraren jijiyoyinai ana cikin aiki. Da wuƙa ta matso jijiyar tahiya, na'ura ta yi ƙara, likita ya tsaya. Da ya ƙara ko kaɗan, da ɗanki ya gurgunce!"

"To, na'ura ta ji tsoro. Ɗanbaba bai jin tsoro."

Ɗanbaba dai ya yi tari, ya hau kallon kaji.

Hidaya ta waiga cikin ɗaki. Mijinta Abdulwahid na kwance, ɗinkin bayansa ko gama kamewa bai yi ba, ya yi lamo kamar ba da shi ake ba.

"Masoyi, ka yi magana mana! Bayanka ne hwa za a tsaga!"

"Hidaya... Inna ce..."

"Inna ce! Ni da nike tashinka ina kwantar da kai, ni wace ce?"

Hawaye suka kece mata. Tana son mutumin nan kamar ranta, amma yau ji take kamar ta shaƙe shi.

Sai gado ya yi ƙara. Abdulwahid ya dafa bango, ya miƙe yana karkarwa, ya jawo ƙafa ɗaya, ya jawo ɗayar, har ya iso ya riƙe kafaɗar matarsa. Tun aikin, uwarsa ba ta gan shi tsaye ba.

"Inna, ki gahwarce ni. Ba mai taɓa bayan ga sai likita."

Tsohuwa ta zube a ƙasa, ta kama ƙafafunsa tana shafawa tana kuka. Can ta share ido da bakin zane.

"Ɗanbaba, tunda ka zo, aske mai kai. Ke kuma ɗiyata, riƙe min shi da kyau, kar shi hwaɗi."