Soson da Wuta Ta Ƙi Ci

Ni na fara ganin abin nan, tun su kansu ba su gani ba. Shekara talatin da ɗaya ina gadin ƙofar kamfanin kujeru. Ban taɓa zama a aji ba, wannan ma 'yata ce ke rubutawa ina faɗa, amma ido kam Allah Ya ba ni.

Shekara biyu kafin nan gobara ta cinye kamfanin da rana tsaka. Waya ta yi tartsatsi, wuta ta bi ramin bango ta faɗa ɗakin soson da ake cusa wa kujeru. Mutum uku na jawo waje da hannun nan na hagu, shi ya sa yau ko allura ka soka masa ba ya ji. Na huɗun ban kai gare shi ba. Yayan Auta ne, yarinyar da ke ɗinki a kamfanin.

Da aka sake gini, Auta ta koma kan kekenta tana ɗinka rigunan kujeru. Ba kuka, ba dariya. A tsokane ta, a yabe ta, allura ta soke ta, amsa ɗaya ce: "Ban ji komai ba."

Rannan sai ga wani dogon saurayi da tsani da gwangwanaye. Aikinsa toshe ramukan da waya da bututu ke bi ta bango, da wata jar kumfa mai kumbura ta daskare, don kada wuta ta sake tsallakawa daga ɗaki zuwa ɗaki. Mai Kumfa muka sa masa. Yana kan tsani kumfar ta ɗigo a kan yadin Auta.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa."

"Ba komai."

"Kada ki goge, ƙara shiga za ta yi. Bari ta bushe."

Ta ɗago ta dube shi, duban ya ɗan wuce na mai laifi. Ina bakin ƙofa na ce a raina, an gama.

Aikin kwana huɗu ya zama na mako uku. Saƙonninsa a bencina take karanta mini lokacin cin abinci, ni kuwa abin da ya shiga kunnena ba ya fita.

"Sanyin idona, yau na toshe rami arba'in. Saura ɗaya, ban san ta inda zan fara shi ba. Kin ci abinci?"

"Me kika ji?" na ce.

"Ban ji komai ba, Baba."

Amma ta mayar masa: "Na ci. Ka bar safar hannunka a kan kekena. Karo na uku ke nan."

To akwai mai waldar kamfanin, ya daɗe yana kewaye ta. Shi ya riga kowa zuwa wurin mahaifinta, ya ce masa kalma ɗaya: yaron nan aikin soso yake yi. Uban Auta kuwa abokina ne. Tun ranar gobara ya fitar da kujeru da katifu daga gidansa, a kan katako yake kwana. Bai ɗaga murya ba.

"Soso ya ci mini ɗaya. Ba zan miƙa masa ta biyu ba."

Mai Kumfa ya rubuto: "Sanyi, ba zan yi musu da uban da ya binne ɗa ba. In kin ce in janye, zan janye."

Kwana uku tana kallon wayar, ba ta amsa ba. Shi kuma ya ɗauka amsar ke nan, ya zo ɗaukar tsaninsa. Na tare ƙofa.

"Ina za ka? Yarinyar da ta manta yadda ake kuka kake jira ta roƙe ka? Gobe ka zo da abinka busasshe."

Washegari bayan an tashi aiki na jawo uban har farfajiya. Mai walda da kansa ya kawo wutarsa, yana murmushi. Aka fara da soson kujera. Kafin ƙiftawar ido ya zama baƙin hayaƙi, uban ya kawar da kai. Sai aka tsayar da busasshiyar kumfa mai kaurin bulo. Wuta ta buge ta, fuskar ta yi baƙi, da aka janye sai wutar ta mutu nan take.

"Gaba ke nan," in ji mai walda. "Bayan fa? Zafi ai ratsawa yake."

Na ɗora hannuna na hagu a bayanta, na ce a kunna. Na dubi jama'a.

"Ban ji komai ba."

"Kai da hannunka ya mutu shekara biyu?" in ji uban. "Ko a murhu ka sa shi haka za ka ce."

Aka yi dariya. Da gangan na yi, ko me za a gaya muku.

Auta ta ture hannuna ta ɗora nata.

"Sanyi, kada," in ji Mai Kumfa.

"Ba ka yarda da aikinka ba ne?"

"Na yarda."

"To a kunna."

Mai walda ya kunna. Wuta na huci.

"Auta, cire," in ji uban.

"Baba, ban ji komai ba." Ta sake faɗa, muryar ta karye a tsakiya. "Da a ce wannan ce a ramin nan, da Yaya…"

Hawayen farko ke nan tun ranar. Uban ya kamo hannunta ya juya, ya ɗora tafin a kumatunsa. Sanyi ƙalau. Ya daɗe a haka.

"Kai yaro, ya sunan abin?"

"Kumfa, Baba."

"To wa ya ce mini soso?"

Mai walda ya duƙa yana naɗe tiyonsa.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Uban ya riƙe hannayensu ya ce Allah Ya sanyaya gidansu, Ya tsare su daga abin da ya gani, Ya ba su zuri'a mai albarka. Muka ce amin. Auta ta yi kuka har gyalenta ya jiƙe, kowa ya ƙyale ta.

Kumfar tana nan ɗakin gadina da baƙar fuskarta. Duk wanda ya ce ƙarya nake, ya zo da wutarsa. Ya zo kuma da hannunsa, don nawa an ce ba ya shaida.