Kwalbar Baba Jamus

Da safiyar Litinin Farfesa Brommel ya tarar da gurbin kwalba ɗaya wayam a kabad ɗinsa. Baba Jamus, kamar yadda 'yan unguwar Narayi ke kiransa, ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da ilimin sinadarai a jami'o'in ƙasarsu, sannan ya biyo matarsa Phoebe gida, ya kwaso tarkacen kwalabensa har da su.

Sufeto Juliana, 'yar sandan da aka kira, ta same shi a gaban kabad ɗin. Bature da tsoro, sai ya koma ja wur.

"Me ke ciki, Baba?"

"Ruwa garau mai warin barasa. Kurɓi kaɗan kan makantar da mutum. A jikinta na rubuta Gift. Da Jamusanci, guba ke nan."

Juliana ta maimaita kalmar a ranta. Da Turanci kuwa ai kyauta ce. Ta roƙe shi ya yi shiru da zancen rubutun, ta shiga kiran mutanen gida ɗaya bayan ɗaya.

"Gubar nan?" in ji Phoebe. "Tun yaushe nake cewa ya zubar!"

Ernest direba ya ja da baya. "Madam, guba fa! Ko kabad ɗin ba na goga."

Sai Wilson, ɗan ƙanen Phoebe, wanda ya zo gaisuwa ranar Asabar. Ya shigo yana taunar cingam, hankali kwance.

"Kwalba ta ɓata," in ji Juliana.

"Haba Anti, me zan yi da kyautar Baba?"

"Wa ya ce maka kyauta ce?"

Taunar ta tsaya.

"Duk wanda ya zauna a gidan nan guba yake ce mata, don Baba ya gargaɗe su. Kai kaɗai ka karanta ta da Turanci, kuma ba za ka karanta ba sai ka buɗe kabad. Tana ina?"

"Guba?" Ya laluba wayarsa. "Babana na kai wa... jiya ya cika shekara sittin."

Ernest ya fizgi mota zuwa unguwar Romi, gidan baban Wilson. Wilson na ta kiran waya, ba a ɗauka.

Suka tarar da tsohon zaune a tsakar gida, kwalbar a gefensa ta yi rabi, rana tsaka tana dukansa. Ya juyo wajen takun sawunsu.

"Wilson, kai ne? Yau gari ya yi duhu da wuri. Kunna mana fitila."