Ɓatan Taguwar Tudun Rairayi

Bayan an sauko daga Juma'a Sammani ya dawo ya tarar da turke babu Gimbiya. Gimbiya farar taguwa ce, ita kaɗai ce raƙumar gidan hutun Tudun Rairayi, wanda wani attajiri ya gina a tsakiyar gonakin Tsanyawa. Tifa-tifa aka yi ta jibgo yashi har aka tayar da tuddai, don masu kuɗin birni su ɗanɗana hamada ba tare da ƙishirwarta ba. Akwai kwamin ninƙaya, akwai dilka da lalle, akwai gasasshen rago a rumfa. Amma duk baƙon da bai hau Gimbiya an ɗauke shi hoto ba, kamar bai zo ba ne.

Manaja bai tsaya wata-wata ba ya miƙa Sammani ga 'yan sanda, tunda shi ke kula da ita. Ya ce in taguwa ba ta fito ba, sai dai su haɗu a kotu.

Sufeto Abdulgani aka bai wa binciken, mutum mai sanyin magana wanda ba ya son a gaggauta shi. Ruwan da aka tafka bayan sallah ya shafe sawu. Mai gadin babbar ƙofa ya rantse ko keke bai fita ba, kyamara kuma ta gaskata shi. Saura ƙofar baya, wadda ke buɗewa cikin dawa, dawar kuwa ta yi tsayin da za ta ɓoye raƙumi har da mahayinsa.

Sammani ya ce a masallaci yake, direban manajan ma a gefensa ya yi sahu. Direba ya tabbatar. Manaja ya ce ai ba sai da hannunsa zai kwance ta ba, yana iya turo wani. Sammani ya kwana a caji ofis bai taɓa tuwon da aka kai masa ba, sai tambaya yake ko wanda ya ɗauke ta ya san ba ta shan ruwan kududdufi. Sufeto ya ji tausayinsa, amma tausayi ba shaida ba ne.

Na biyu da aka zarga shi ne Kamaruddeen mahauci, mai kai wa gidan nama, wanda aka taɓa ji yana taya taguwar.

"Ka yanka ta?"

"Yallaɓai, raƙumi ne fa, ba zakara ba. In na kayar da ita, ungulu ma sai ta kai ƙarata."

Sufeto ya zaga mahauta, ya leƙa wurin majema, babu fata babu tozo. Ya sallame shi.

Khamisu mai gadin ƙofar baya ya ce da hadari ya haɗo ya shige ɗakin janareta, bai ga komai ba. Ya faɗe ta sumul, ko ƙiftawa bai yi ba.

Kwanaki suka ja, baƙi suka fara janye zuwansu, manaja ya dami ofis da waya. Sufeto ya koma ƙofar baya da hantsi, ya bi kan iyakar gonaki a ƙasa yana duban abin da kowa ya shuka, kamar malamin gona. A wani ɗan fegin barkono ya tsaya, ya tsuguna, ya tona gindin shuka da tsinke. Ya tambayi wata mai tsinkar rama ko na wane ne, ta ce na Khamisu ne.

Ya sa aka kirawo shi, da manaja, aka kuma zo da Sammani.

"Wane taki kake sa wa barkononka?"

"Na awaki, ranka ya daɗe."

Sufeto ya ɗauko guda ɗaya daga takin, ya kai girman goruba ƙarama, ya murje shi a gabansu. Cikinsa ɗanye shar. Sammani ya dube shi, idonsa ya ciko da ƙwalla, ya ce nata ne, kuma tana raye.

Sufeto ya yi bayani a taƙaice. A duk karkarar nan babu mai raƙumi sai gidan hutu. Kashinta kuwa kullum ƙone shi ake yi don kada baƙi su ji wari, Khamisu ya taɓa roƙo a bar masa, manaja ya hana. Taguwa ta ɓace tun Juma'a, ga kashinta na safiyar yau a gindin barkono. Wanda ya zuba shi ya san inda take kwana.

A wani kango cikin dawa aka same ta, tana tuƙa hankali kwance. Khamisu ya amsa cewa jira yake ƙura ta lafa ya haɗa ta da dillalin kasuwar Maigatari. Sammani ya rungume wuyanta, manaja ya kawar da kai, bai ce masa sannu ba.

A mota Sufeto ya tambayi Khamisu abin da ya hana shi haƙa rami ya binne kashin, da har yanzu ana nema. Khamisu ya dube shi kamar ya ji saɓo.

"Yallaɓai, taki ne fa."