Muryar da Ta Riga Hoto

Ruwan sama ne ya koro Barakatu cikin shagon, ko kuma haka ta riƙa faɗa daga baya idan ana tsokanarta. Gaskiyar magana ita ce ta daɗe tana zagaye layin nan na PZ, tana leƙa shagunan masu haɗa bidiyo tana wucewa, hannunta a kan jaka kamar wadda ta sato wani abu. To, kusan satowar ta yi.

Saurayin da ke zaune gaban kwamfuta ya zare abin sauraro daga kunne ya amsa sallamarta. Dogo ne siriri, mai sanyin magana. Ridwan sunansa.

“Malam, ana gyara faifai a nan?”

“Ya danganta da ciwonsa. Me ke damunsa?”

Ta miƙa masa da hannu biyu. “Bidiyon sunana ne. Mahaifiyata tana ciki. Ta rasu ina da wata huɗu.”

Ya daina murmushi, ya karɓa shi ma da hannu biyu. Wannan abu kaɗai ya sa ta ɗago ta kalle shi sosai.

Da hoton ya fito, tsakar gida ne cike da mata, ana daka, ana dariya. Amma komai a karkace yake. Duk wanda ya motsa sai inuwarsa ta biyo shi a baya, kamar mutum biyu a jiki ɗaya. Dattawa suna magana da muryar yara, kuma maganar tana riga bakinsu fita. Tun tana jin tsoron faifan har ta saba da shi, amma yau da wani yake kallo tare da ita sai tsikar jikinta ta sake tashi.

“Kai shi ƙarshe,” ta ce a hankali.

A ƙarshen, wata mata ce zaune bakin gado da jaririya a cinya. Ridwan ya kalli allon, ya kalli Barakatu, ya sake kallon allon. Fuska ɗaya ce, har 'yar wushiryar. Matar tana kallon kyamara tana magana, tana murmushi, leɓɓanta suna motsi. Babu sauti ko kaɗan.

“Nana Hafsat ke nan,” in ji Barakatu. “Kowa a bidiyon nan yana da murya, ko da ta aljanu ce, sai ita. Ban taɓa jin muryarta ba.”

“Ina kaset ɗin asali?”

“Rufin ɗaki ya yi yoyo, ya lalace. Yaya Ameer, ɗan yayan babana, shi ya juye shi a faifai kafin nan. Wannan kaɗai ya rage.”

Ridwan ya duba wasu lambobi a gefen allon. Can ya ce, “Inuwar nan ba aljanu ba ne. Kyamarar da aka ɗauka da ita daga Amurka aka zo da ita, ko?”

Ta zaro ido. “Wani abokin babana ne ya kawo. Ya aka yi ka sani?”

“Tasu tana ɗaukar hoto kusan talatin a daƙiƙa, namu injinan ashirin da biyar suka sani. Wanda ya juye sai ya matse su a kan juna, shi ne kike ganin mutum biyu. Wannan zan iya rage shi. Sautin kuwa, ki ba ni lokaci. Ba zan yi miki alkawarin abin da ban tabbatar ba.”

Ya kwafi abin da ke ciki, ya mayar mata da faifanta. Ta ba shi lambarta saboda aiki. Saboda aiki kawai, in ji su.

Bappa shi ne mahaifinta. 'Ya'yan yayansa ne suka fara kiransa haka, sunan ya bi shi har bakin 'yarsa. Tsohon ma'aikacin ofis ne a Samaru, mutum mai haƙuri, amma akwai abu ɗaya da ba a taɓa masa. Ranar da Ameer ya kawo faifan, an taru a falo da murna. Bappa ya ji marigayi yayansa yana magana da siririyar murya kamar yaron goye, ya tsallake zuwa ƙarshe ya ga matarsa tana motsa baki babu sauti. Ya tashi ya kashe injin da kansa.

“An mayar min da matattuna abin wasa,” ya ce, ya kulle faifan a durowa. Amma Barakatu ta san inda makullin yake, in ba ya gida takan ɗauko ta kalla a ɓoye.

Daga baya ne ya faɗa wa Barakatu abin da ya fi ci masa rai. Tun ranar, in ya rufe ido yana neman muryar Nana Hafsat, ba ya samunta. Bakin nan mai motsi kawai yake gani.

Saƙonni suka fara zuwa. Da farko na aiki ne.

“Na raba inuwar da masu ita. Yanzu kowa mutum ɗaya ne. Mamanki ta fi kyau a haka.”

“Na gode. Ni fa?”

Ta tura kafin ta yi tunani, ta kifa wayar a kan katifa tana salati. Amsar ba ta daɗe ba.

“Ke ai tun ranar da ruwa ya kawo ki ban ga abin gyara ba.”

Daga nan zuwa PZ ya zama ba sai da dalili ba. In ta taso daga makaranta sai ta hau mota ta bi ta Palladan, ta zauna a bencin shagon tana kallonsa yana aiki. Dele, mai gyaran rediyo da ke maƙwabtaka da shi, yana ganinta zai leƙo ya ce, “Oga Ridwan, madam don land,” wato madam ta iso, ya koma yana dariya. Ita tana ce masa Injiniya, shi yana ce mata Barakata, yana jan ƙarshen sunan yadda ba wanda ya taɓa yi.

Wata rana ya nuna mata yadda yake aikin. “Kin ga matar nan mai daka? Duk lokacin da taɓarya ta faɗa turmi, dole a ji ƙara a daidai nan. A farkon bidiyon ƙarar tana riga taɓaryar da ɗan kaɗan. A tsakiya kuwa ta yi mata nisa sosai. Sautin gudu yake yi ya bar hoton a baya.”

“Me ya kore shi?”

“An ɗauke shi da ma'auni ɗaya, an karanta shi da wani. Faifai arba'in da takwas yake so, shi kuma arba'in da huɗu ne da ɗoriya. Ba a canza shi ba aka cusa shi haka. Shi ya sa ya yi sauri, muryoyin suka sirance.”

Ba ta gane lambobin ba, amma ta ga ya yi shiru a tsakiyar bayanin, yana kallon allon kamar wanda ya ga wani abu a bayan taga. Ta tambaye shi, ya ce ba komai.

Daga ranar ya canza. In ta ce ya kunna mata inda aka kai, sai ya ce bai gama ba. In ta matsa, sai ya kawo wata hira. Ranta ya fara ɓaci, zuciya kuma ta fara kawo mata abin da take so. Ta ce ko ya gano muryar ta tafi har abada yana jin nauyin faɗa. Ta ce ko dama jan aikin yake don ta riƙa zuwa.

Ana cikin haka Ameer ya gan ta tana fitowa daga shagon. Shi dama ya daɗe yana zagaye maganar aurenta, ga kuma haushin an kai aikinsa wurin wani. Kafin ta iso gida labari ya riga ta.

Bappa bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi mata sauƙi. “Kin buɗe min durowa, kin ɗauki mahaifiyarki kin kai ta kasuwa. Yanzu kuma an ce yaron yana son ki. Mutumin da sana'arsa ita ce wasa da fuskokin mutane, ba zai shigo gidan nan ba.”

Ta yi kuka har idonta ya kumbura, sannan ta rubuta masa: “Ka goge komai. Bappa ya hana. Kai ma ka riƙa ja min rai, ka san babu muryar ka ƙi faɗa min.”

Amsarsa ta zo doguwa.

“Barakata, muryar tana nan. Kin tuna wajen ƙarshe, inda ake nuna mata suna tuƙa tuwo, ana jin wata siririyar murya tana magana ita kaɗai? Mama ce. Sautin ya riga ta isowa, shi ya sa lokacin da aka nuno ta ya riga ya ƙare. Kin sha jin ta ba ki sani ba. Tun da na gane na cire abin kunnena, da zanen sautin nake aiki da ido, shi ya sa na daɗe. Ba ni ya kamata in fara jin muryarta ta gaskiya ba. Ke da Bappa ne.”

Barakatu ta zauna a ƙasa, wayar a hannunta. Ta san wurin sarai. Sau nawa ta tsallake shi da sauri don ta isa ga fuskar mahaifiyarta?

Aikin bai ƙare da sauƙi ba. Faifan farko da ya buga ya yi a kwamfuta, amma da ya gwada farkonsa a tsohon injin Dele, irin na gidan Bappa, sai hoto ya fito babu sauti. Tsofaffin injina ba su san irin ƙunshin da ya sa sautin a ciki ba. Ya sake shi da irin wanda suka sani, ya gwada dakan matan, taɓarya da ƙararta suka faɗa tare. Ya kashe a nan.

Ranar Asabar da la'asar ya yi sallama a ƙofar gidan. Ya durƙusa har ƙasa ya ajiye faifan a gaban Bappa.

“Baba, ban zo da maganar kaina ba. Amanarku na kawo. In kun kalla kun ga wasa ne, ku karya shi, ba za ku sake ganina ba.”

Bappa ya daɗe yana kallon faifan. “Kai ka ji abin da ta ce?”

“Ban ji ba, Baba. Zan jira a waje.”

Wannan maganar ce ta sa dattijon ya ɗago. Ya ce, “Zauna.”

Barakatu ta saka faifan. Tsakar gida ya fito, taɓarya ta faɗa turmi da ƙararta. Marigayi yayan Bappa ya yi gyaran murya, muryarsa mai kauri ta cika falon, Bappa ya dafe gwiwa. Ba wanda ya ce a tsallake komai. Suka bi bidiyon har ɗakin, har bakin gadon.

Nana Hafsat ta gyara jaririyar a cinyarta. Muryarta ƙasa-ƙasa ce, da ɗan dishi, ba ta yi kama da yadda Barakatu ta ƙiyasta ba ko kaɗan.

“Barakatu, 'yar albarka. Kalle ta, ko kuka ba ta yi ba. Allah ya raya min ke. Allah ya ba ki lafiya da ilimi, ya haɗa ki da masu riƙe amana.” Ta ɗago ta kalli mai riƙe da kyamarar, ta yi dariya. “Malam?”

“Na'am,” in ji Bappa.

A tare suka amsa, matashin da ke cikin faifan da dattijon da ke kan kujera. Sai da ya ji muryarsa a falon sannan ya gane abin da ya yi. Ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna girgiza.

“Hannunka rawa yake,” in ji Nana Hafsat. “Ajiye abin nan ka zo ka ɗauki 'yarka.”

Hoton ya karkata ya ɗauke. Barakatu ta rarrafa ta kifa kai a gwiwar mahaifinta, ya rungume ta suna kuka. Ridwan ya sunkuyar da kai, shi ma hawaye yake.

Da Bappa ya samu bakin magana, ya ce, “Ita ce. Wallahi ita ce.” Ya share ido ya dubi Ridwan. “Yaro, na yi maka mummunar fahimta. Ina manyanka suke?”

“Suna can Zabi, Baba.”

“Ka ce su zo.”

Bayan damina aka ɗaura auren a Samaru. Ameer ya zo da kansa ya ba ango hannu, Dele ya sha babbar riga har yana tuntuɓe da ita. Da za a tafi da amarya, aka kai ta falon Bappa don ya yi mata nasiha. Ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Sai ya miƙa hannu ya kunna injin.

“Allah ya raya min ke,” in ji Nana Hafsat. “Ya haɗa ki da masu riƙe amana.”

Falon gaba ɗaya ya amsa da amin. Bappa ya kama hannun 'yarsa ya ce, “Ya raya ki, ya kuma haɗa ki. Tashi ki je, Allah ya yi muku albarka, ni da ita mun sallame ki.”