Rabin Awa Daga Jalingo

Ranar Litinin da safe Malama Magdalena, tsohuwar malamar makaranta da ke unguwar Yara a Keffi, ta kai ƙara ofishin 'yan sanda. An sace takardun filin makarantar da ta buɗe wa 'ya'yan makiyaya, jiya Lahadi tana coci.

Insfekta Hamdiya ta bi ta gida, ta duba ƙofa da akwatin da ake ajiye takardun. Ba a fasa komai ba.

"Mama, wa ke da makulli bayan ke?"

"Sai Prosper, ɗan ƙanen marigayi mijina. Ni na raine shi. Amma ya yi tafiya."

A bakin layi Insfekta ta sami Nana Hauwa mai sayar da nono.

"Jiya wajen goma da rabi wani ya shiga gidan," in ji ta. "Hular kwano ce a kansa, ban ga fuska ba. Amma bai yi laluben makulli ba."

Da rana aka kira Prosper ofis. Ya zo fes, yana murmushi.

"Ranki ya daɗe, a lokacin ina Jalingo. Ƙaramin jirgin saman ogana mai aikin safiyo muka hau. Ga hotonsa a wayata."

Ta duba. Jirgi ne mai farfela ɗaya.

"Ƙarfe nawa kuka tashi?"

"Sha biyu daidai. Sha biyu da rabi muka sauka Lafiya, na shigo mota zuwa Keffi."

"Ka tabbata?"

"Agogo na hannuna."

Insfekta ba ta ɗaga murya ba. Ta sa Sajan Yosiya ya ciro taswirar da ke bango, ta shimfiɗa a tebur, ta aza rula tsakanin Jalingo da Lafiya.

"Kilomita ɗari uku da 'yan kai," ta ce. "Na yi shekara huɗu ina aiki a filin jirgi. Irin wannan jirgin, in ya yi ƙoƙari, ya ci ɗari biyu da ashirin a awa. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce. Wane gefe ka zauna?"

Insfekta ta ɗauko wayarta.

"Ko in kira filin jirgin su karanto min sunayen waɗanda suka sauka?"

Ya sunkuyar da kai. "Takardun suna ɗakina, ƙarƙashin katifa. Wani mai gina gidaje ne ya ce in kawo masa."

Sajan Yosiya ya sa masa ankwa, yana satar kallon rular. Shekararsa ashirin a aiki, bai taɓa ganin an kama ɓarawo da ita ba.

Malama Magdalena na zaune a benci da aka fito da shi.

"Mama, ki yafe min."

Ta dube shi.

"Yara sittin ne a filin nan, Prosper," ta ce. "Su za ka roƙa."

Aka wuce da shi.