Ɗigon Tawada a Kan Gilashin Dakta

Rana ta cika tagar ɗakin gwaji, amma 'yar fankar da ke kan teburi ta ƙi juyawa. Dakta ta duba wayoyi, duk suna wurinsu. Ta kai hannu ta shafa gilashin tagar, sai ta gane. An cire gilashin da ta ƙare ƙuruciyarta a kansa, an liƙa na kasuwa a gurbinsa.

Sufeton 'yan sanda da aka kira ya same ta zaune ita kaɗai, idanunta jajir.

"Ki yi min bayani irin na jahili, Dakta. Me ya raba shi da sauran gilasai?"

"Akwai wasu siraran wayoyi a jikinsa, gashin kai ma ƙato ne a gabansu. Ido ba ya ganinsu. Suna kama hasken rana su mai da shi lantarki, kai kuwa kana hango waje kamar ba komai. Shi kaɗai ya yi aiki a duk waɗanda muka gwada. Gobe masu kamfani za su zo. In ya gamsar da su, za su tafi da ni ƙasarsu a kafa masana'anta. In babu shi, na tashi a tutar babu."

"Kina ina aka yi wannan?"

"Na je wurinsu tattaunawa. Jiya na dawo."

Sufeto ya fara da mai gadi.

"Yallaɓai, ni ƙofa aka ba ni, ba taga ba," in ji tsohon. "Kowa a nan da kwali yake shiga, da kwali yake fita. Baƙo dai ɗaya na gani, mai gilashi, ya zo gyaran tagar banɗaki."

Aka kirawo mai gilashi. Yana ganin tagar ɗakin gwajin ya kwashe da dariya.

"Ni zan yi wannan? Allah ya sawwaƙe! Dubi gam ɗin, tudu nan, kwari can. Ko ranar da na fara koyo ban yi wannan ƙazantar ba. Kuma yallaɓai, ni ban san safar hannu ba. Duk tagar da na sa, yatsuna na jiki."

Gaskiya ya faɗa. Tagar banɗaki cike take da sawun yatsunsa, wannan kuwa an goge ta tas. Wayoyin ma ba tsinke su aka yi ba, an kwance su ne a hankali, aka mayar da kowace mazauninta.

Sufeto ya sallame shi, ya durƙusa yana bin gefen gilashin da ido. A kusurwar ƙasa ya ga ɗigon koren tawada, ƙarami kamar ƙwayar gero.

"Wannan fa, Dakta?"

"Alamarmu ce. Gilashinmu yana da gaba da baya, fuskar da ke da wayoyin ita ke duban rana. Ba ma ɗaga ko wanne sai mun ɗiga masa..."

Ta katse maganar, ta zuba wa ɗigon ido.

"Ku nawa ke ɗigawa?"

"Mu biyu. Ni da Dogo, mataimakina. Ba zai yi min haka ba."

Suka tafi gidan Dogo tare, suka same shi a ciki. Ɗaki ɗaya ne a ƙarshen wani dogon lungu. Kujera ɗaya, kofi ɗaya, gado babu bargo. Sufeto, wanda shi ma ba mai jiransa a gida, ya ji ɗakin ya taɓa masa zuciya, amma ya dake.

"Malam Dogo, gilashin kasuwa ba shi da gaba, ba shi da baya. Ɓarawon titi ba zai ɓata lokacin ɗiga masa alama ba, mai gilashi ma haka. Sai mutumin da hannunsa ya saba har ya daina neman izinin kansa. Ka sa safa, ka goge yatsu, ka kwance wayoyi cikin ladabi, amma sabo ya ci amanarka. Dakta ba ta gari. Saura kai. Wa ka sayar wa?"

Dogo ya ɗago a firgice.

"Sayarwa? Ni?"

Ya durƙusa ya jawo wani abu daga ƙarƙashin gado. Gilashin ne, naɗe cikin bargonsa, ko ƙwarzane babu.

"So nake goben ta wuce kawai," ya ce, kansa a ƙasa. "In sun tafi, sai in mayar. In suka gan shi, za su tafi da ke, Dakta. Ni kuma in na buɗe ɗakin gwajin da safe, wa zan gaisar?"

Dakta ta karɓi gilashin da hannu biyu, ta rungume shi a ƙirjinta, hawaye na sauka.

"Duk shekarun nan muna teburi ɗaya, Dogo. Bakinka ciwo yake yi? Me ya hana ka ce min kar in tafi?"

"Da na faɗa, da kin zauna?"

"A'a," ta ce. "Amma da na ce ka biyo ni."

Ta juya ga Sufeto.

"Na samu kayana, yallaɓai. Ba ni da ƙara."

Ta fita. Sufeto ya mayar da ankwarsa aljihu. Dogo yana durƙushe inda yake, yana sauraren takunta har ya ɓace a lungun.